Yadda Tukur Ya Tattaro Injin Hankaka

Tukur mijin yayata Ladidi ne, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da ikon yin fushi. Da sauƙi ma, tun da ba ya karanta boko.

A Karakkai aka haife shi, a gidan maƙera. Kakansa maƙeri, ubansa maƙeri, shi ma a bakin zugazugi ya yi wayo. Yana saurayi aka ɗebe su soja lokacin yaƙin Bama. Can aka lura hannunsa ya san ƙarfe, aka tura shi wajen masu gyaran lori. Ya dawo a 1946 da akwatin sifana, da tabo a ƙwauri, da kalmomin Turanci bakwai, biyar daga cikinsu zagi ne. Bai koma maƙera ba. Ya kafa rumfa a gindin wata tsamiya a Tudun Wada ta Gusau, direbobin lorin gyaɗa suka gano shi.

Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yana da wani sandan ƙarfe, ya ɗora baki ɗaya a jikin injin, ɗaya a kunnensa, ya runtse ido kamar mai jin gulma ta bayan danga. Can sai ya ce, "Bawul na uku shina kuka." A buɗe, a tarar haka ne. Baƙin mai kuwa da harshe yake gwada shi. Yaya Ladidi ta ce shi ya sa bai taɓa kushe miyarta ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya taho da ita daga gida. A maƙera, in ka kai fartanyar da ta cinye aka ƙera maka sabuwa, tsohon ƙarfen ya zama na maƙeri. Ba a tambaya, ba a godiya. Mataccen ƙarfe suke ce masa. Tukur ya ɗauka haka duniya take ko'ina, har Bama. Direbobin lori ba su taɓa yi masa gardama ba, don ba wanda zai koma gida da karyayyen ƙarfe ya nuna wa matarsa.

A 1952 ne Attahiru, wani babban mai sayen gyaɗa a Tsafe, ya sayi mota daga hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, da zai tashi daga Gusau. A lokacin bai je Makka ba, amma bari in riƙa ce masa Alhaji tun yanzu, kada in yi ta gyara. Motar baƙa ce wuluk, doguwa, gabanta fari yana ƙyalli, shi ya sa mutanen Tsafe suka sa mata Hankaka. Kujerar bayanta ta fata ce, in ka zauna sai ka rasa inda ƙugunka ya tafi. In tana tafiya ba ka jin ta, sai dai ka ga akuya ta yi tsalle.

Wata uku da saye ta fara tari. Direbanta Sabiru ya lallaɓo da ita gindin tsamiya. Tukur ya ɗaga murfin gaba, ya tsaya. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya ɗaga, ya sake tsayawa.

"Sabiru, wanga inji guda ne, ko biyu anka haɗa?"

"Guda ne. Silinda goma sha biyu."

"Lorin da ke ɗaukar buhu sittin silinda shida gare shi. Mi Alhaji ke ɗauka?"

"Kansa."

Tukur ya ƙirga fulogi, ya samu ashirin da huɗu, bibbiyu kowace silinda. Ya ƙirga kafireto, abin da ke gauraya fetur da iska, ya samu huɗu. Ya ɗora sandansa ya daɗe yana saurare. Ranar na fara ganin fuskarsa a rikice.

Ya ce, "Lori in bai da lafiya faɗi yakai. Wagga raɗa takai, kuma bakinta goma sha biyu."

Abin da ke damun Hankaka ba ɓoyayye ba ne. An ƙera ta don titin da aka share, aka kawo ta hanyar Tsafe mai gargada. An saba mata da tsabtataccen fetur, aka koma ɗura mata na garwa, da tsatsa da ruwa a gindi. Kafireton nan huɗu sai sun sha mai daidai wa daida. Tukur ya wuni yana daidaita su, Sabiru ya tafi da ita, kafin ya wuce Kwatarkwashi ɗaya ya kauce, motar ta koma ɗingishi. Fulogi kuwa, kafin a gama goge na ƙarshe na farko ya yi baƙi.

Da famfon ruwanta ya lalace, aka aika da wasiƙa ƙasar Turawa ta hannun kanti. Jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau. Wata bakwai Hankaka tana tsaye, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka kwance ƙunshin, famfon mai kyau ne, sai dai ramukan notinsa ba su dace da nata ba. Aka sake aikawa. Amsa ta zo cewa an daina ƙera irin wannan inji tun kafin a gama yaƙi.

Daga nan Tukur ya koma ga abin da ya sani. Ya samo famfon lori, ya tafi Karakkai ya ƙera masa mazauni, ya ɗaura. Ya je Tsafe don ya yi wa Alhaji bayani.

"Ranka shi daɗe, famfon da na sa mata ba nata ba ne, na..."

"Tana tashi?"

"Tana tashi."

"To mi kake gaya mini?"

Haka suka yi shekara biyar. Lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya ɓule, ya sa na lori. Kafireto huɗu suka gajiyar da shi, ya cire su, ya ƙera bututu, ya ɗora guda ɗaya babba. Kowane karo ya je bayani, kowane karo Alhaji ya tambaya ko tana tashi. Abin da aka cire kuwa, Tukur ya jefa a buhu ya kai gida.

Daminar 1957 Alhaji yana shirin tafiya Makka, Sabiru ya kai shi Bilbis sallamar dangi. A dawowa suka shiga rafi da inji da zafi, ruwa ya shige shi, gangar injin, babban ƙarfen da ramukan silinda ke ciki, ta tsage tun daga sama har ƙasa. Shanu ne suka jawo ta Tsafe. Alhaji ya kira Tukur.

"Ban son jin komi. Dut yadda za ka yi, ka yi. Ran da na sauka jirgin ƙasa, ita za ta ɗauko ni."

Kwana tara Tukur yana zaune gaban injin yana kallonsa. Ran na goma ya tashi, ya samo injin wani lori da ya faɗa gada, mai silinda shida, ya yanka nan, ya ƙara can, ya zaunar da shi a cikin Hankaka. Ya jera salansa biyu don ya rage masa murya. Da Alhaji ya sauka, ga Hankaka a tasha tana ƙyalli. Tukur ya kutsa cikin masu barka da sauka, ya miƙa masa kyautar wani ɗan kaskon turare mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, na sauya mata inji." Mutum ɗari suna magana a lokaci guda. Alhaji ya ce madalla, Allah shi yi albarka, kamar yadda ya ce wa wanda ya kawo masa zabi.

Tsohon injin kuwa, tun da ya mutu, Tukur ya kwance shi ya rarraba. Mutum ne mai kyauta, wannan ko ni da nake tsokanarsa na shaida.

Aka shekara lafiya. Hankaka ba ta ƙara tari ba. Alhaji ya ci gaba da gaya wa kowa silinda goma sha biyu ne da ita, babu irinta daga nan har Sakkwato.

Wata ranar kasuwar Tsafe, a 1958, wani Bature mai kula da injin gurzar auduga ya biyo ta wurin. Ya ga Hankaka a ƙofar gidan Alhaji, ya tsaya, ya cire hularsa. Ya ce tun yana yaro a ƙasarsu yake jin labarin injin wannan mota, bai taɓa samun wanda ya buɗe masa ba. Alhaji ya ji daɗi, ya jira mutane suka taru sosai, sannan ya sa Sabiru ya ɗaga murfin. Bature ya leƙa. Ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Sai ya zauna a kan murfin taya yana dariya har da hawaye. Masinjansa Gambo ya fassara, da muryar da ta fi ta mai shela:

"Ya ce wanga injin lori ne."

Washegari da hantsi Hankaka ta tsaya a gindin tsamiya. Lori huɗu na jiran gyara, direbobi suna zaune a kan benci suna cin goro. Ina wurin, don ba ni da aikin da ya hana ni. Alhaji bai yi sallama ba.

"Tukur, ina injina?"

"Wane, ranka shi daɗe?"

"Nawa nike da su?"

"Ni ma abin da nike tunani ke nan. Akwai wanda ke tafiya, akwai wanda ya mutu."

"Wanda na saya."

"Ai shi ne ya mutu. Na gaya maka a tasha."

"Ina gawar?"

Tukur ya ɗaga hannu. Ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya sauke hannu.

Alhaji ya juya wajen direbobi. "Ku dube shi. Shekara shida shina ɗibar motata guntu-guntu. Ɓarawo ne. Ran kasuwa mai zuwa in ban ga injina a ƙofar gidana ba, dut da notinsa, mu haɗu gaban alƙali."

Kafin azahar lori biyu suka bar wurin ba a gyara su ba. Washegari sauran biyun suka bi su. Wani direba ya aiko a duba masa ko tsohon sifirinsa na bara, ƙarfen da ke tallafe nauyin lori, yana nan. Mutumin da aka san gidansu da amana tun kakanni ya wayi gari ba mai barin masa ko keke.

A gida ya ƙi cin abinci. Ba fushi yake ba, ya kasa gane abin ne. Ya yi ta tambayar Yaya Ladidi, "Na ba shi mai rai, na ɗauki matacce. Ina satar take?"

Ta ce, "Malam, ni za ka tambaya? Tashi ka tattaro masa kayansa."

Ya ɗaga kai ya dubi hannunta. Tana daka yaji a cikin wani ƙoƙon ƙarfe. Fistin ne, wato tulun ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin silinda, an kifa shi. Ta bi idonsa da kallo.

"Banda wannan."

"Har da shi."

Ta juye yajin tana mita, ta ce shekara guda ke nan da ta samu abin da ba ya tsagewa.

Fistin sha biyu ne, yawancinsu suna hannun matan unguwa. Wata na auna gishiri da nata, wata na zuba allura da zare. Iya Tambaya mai fura a tashar mota da nata take auna nono, ta rufe shi da faifai ta ɗora gwiwar hannu a kai.

"Kai ka ba ni da hannunka, Tukur. Masu sayen furata sun saba da shi. In na sauya ma'auni su ce na rage musu."

"Iya, ɓarawo anka ce mini."

"To ni anka ce wa?"

Sai da ya yi mata alkawarin ƙera wani mai daidai cikinsa, a gaban masu shan fura, sannan ta ɗaga gwiwar.

Na bi shi Bilbis don kallo. Lagireto ya zama ƙofar akurkin kaji, mai gidan ya ce tun da ya sa shi muzuru bai ƙara shiga ba. A Bungudu, babban faifan ƙarfe mai haƙora na rataye a bishiya, shi ake bugawa in za a fita gayya. Da Tukur ya sauke shi ya yi ƙara, mutum bakwai suka fito da fartanya. Kafireto ɗaya muka tarar a shimfiɗar wani mai magani a kasuwa, tsakanin ƙahon gada da fatar damo. Ya gaya wa mutane daga sama ya faɗo. Ya roƙi Tukur ya karɓa ta bayan rumfa.

Na ce masa, "Mijin Yaya, ashe duk ƙasar Zamfara ta hau motar Alhaji ba ta sani ba."

Ya ce, "Kai dai riƙe buhu, ko ka koma gida."

Ban riƙe ba, ban kuma koma ba.

Gangar injin ce ta rage, ita kuwa tana Karakkai. Tukur ya ba da ita ga Baba Idris, Sarkin Maƙeran garin, wanda ya binne rabinta a ƙasa ya mai da ita uwar maƙera, a kanta yake dukan ƙarfe. Tsohon ya saurari labarin har ƙarshe bai daina zuga wuta ba.

"Attahiru ɗan Abdullahi mai jakai?"

"Shi, Baba."

"Shi ya ce maka ɓarawo a kan mataccen ƙarfe?"

"Gaban direbobi."

Baba Idris ya ajiye zugazugi. Ya ce a tone ta, amma inda za ta nan za shi. Aka ɗora ta a lori, ya hau ya zauna a kanta har Tsafe, bai sauka ko a Gusau ba.

Ranar kasuwa Tukur ya shimfiɗa tabarmi uku a ƙofar gidan Alhaji. Ya jera kayan yadda ya saba in ya kwance inji, kowane a wurinsa, manya a tsakiya, noti a gefe. Wasu na warin daddawa, lagireto da gashin kaza a jiki. Mutane suka taru fiye da ranar Bature. Alhaji ya fito daga zaure, ƙamshin turaren wuta na biye da shi. Ya zagaya tabarmin sau biyu. Bai san sunan ko ɗaya ba, amma ya iya ƙirga. Ya ƙirga ramukan gangar, sha biyu. Ya ƙirga fistin.

"Sha ɗaya."

Tukur ya sunkuyar da kai.

"Na ce sha ɗaya. Ina ɗayan?"

"Ranka shi daɗe, a bar shi."

"Ba a bari. Wa ka sayar wa?"

Tukur ya share zufa. Ya ce a hankali, "Shina cikin zaurenka. Da garwashi a ciki."

Sabiru ya shiga ya fito da kaskon turaren da Tukur ya ba Alhaji a tasha, yana riƙe da shi da bakin riga. Aka zubar da garwashin, aka zuba masa ruwa, aka kifa shi. Tukur ya zura shi a ramin da ya rage, ya shige sumul. Wani a bayan taro ya yi tari irin na mai danne dariya.

Alhaji ya daɗe yana kallon ramin. Shekara guda yana nuna wa baƙi kaskon nan.

Baba Idris ya yi gyaran murya daga gefen gangar. "Attahiru, ni na yi ta ƙera wa ubanka fartanya. Ya taɓa dawowa biɗar tsohuwa?"

"Baba, fartanya daban, mota daban."

"Da itace anka yi ta?"

"Da ƙarfe."

"To."

Alhaji ya dubi tabarmi, ya dubi Hankaka, ya sake duban tabarmi. Ya ce da Tukur, "Mayar mata da nata."

"In na mayar ba ta tashi. Har abada."

"In ka bar wancan fa?"

"Ta kai ka Sakkwato ta maido ka."

"To wace ce motata? Wadda na saya tana ƙasa, wadda nike hawa ba ita na saya ba."

Alhaji ya dubi jama'a. Ya tambayi Sabiru, Sabiru ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi. Ni ma na buɗe baki, Baba Idris ya dube ni, na rufe.

Tukur ya ce, "Ranka shi daɗe, ka yi yadda kake so da su dut biyun. Ni kalmar da ka faɗa ta kawo ni."

Alhaji ya ja numfashi, ya ɗaga murya. "Jama'a, ku shaida, Tukur ba ɓarawo ba ne."

"Gaban direbobi ka faɗa. A Gusau."

Alhaji ya yarda zai je, amma ya ce ba zai bar injinsa a titi ba, kuma ba zai ƙara yarda a ce babu shi a cikin motar ba. Aka gwada bayan motar, gangar ta ƙi shiga. Sai ya sa aka cire kujerar nan ta fata, ƙarti takwas suka cusa gangar a wurinta, aka zuba sauran kayan a kai. Alhaji ya zauna gaba kusa da Sabiru, karo na farko a rayuwarsa. Tukur da Baba Idris suka matsu a baya a kan ƙarfe, tsohon yana tambayar a kan mi za shi yi aiki gobe.

Hankaka ta taho da gindi a ƙasa, hanci a sama. Ta iso har gindin tsamiya, tana tsayawa sifirin baya ya karye, ta zauna daɓas. Direbobi suka fito daga rumfunan shayi. Alhaji ya sauko, ya gyara rawani, ya faɗi maganarsa a gabansu.

"Na ce masa ɓarawo a nan, na janye a nan. Ba ɓarawo ba ne. Abin da shike dai ban sani ba, amma ba ɓarawo ba ne."

Tukur ya ɗauki sifana. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya kwance karyayyen sifirin, ya ɗaura na lori. Da ya fito sai ya ɗaga tsohon sama yadda kowa zai gani.

"Ranka shi daɗe, wanga na wa?"

Alhaji ya yi tunani fiye da yadda tambayar ta cancanta. Ya ce, "Miƙa wa tsohon nan." Baba Idris ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai kunne, ya ce zai yi wuƙaƙe, amma ba a dukan ƙarfe a kan wuƙa, a nemo masa injin wani lorin in ya mutu.

Kafin la'asar lori uku suka dawo layi. Tukur ya ƙera wa Iya Tambaya ma'auninta, ta ce ya fi na da ƙanƙanta. Yanzu duk ƙarfen da ya cire sai ya ɗaga shi sama ya tambaya, direbobi suna ce masa ya daina ɓata musu lokaci, shi kuma har yau bai gane wanne ne daidai ba.

Alhaji yana nan yana zama a gaba. In baƙo ya tambaye shi silinda nawa ne da Hankaka, sai ya waiwaya baya, ya dubi gaba, ya ce goma sha takwas.